Tukunyar Perpetua

A Guiuan, inda teku ke lasar gindin coci,
kwanon rufi har yau da tabon guguwa,
ni ke riƙe da matasa, su goma sha bakwai,
ran Asabar, bayan an sauke kifi.

Wasanmu na farko, ba a cewa komai.
Rodel ya kaɗa jita, wata tsirkiya gabas, wata yamma,
labule ya faɗo a kan mai shela,
wadda aka ba kuka ta fashe da dariya.
Aka tafa mana, har da masu fito.
"Yara ne," in ji Fasto Abundio, "niyya Allah ke dubawa."
Na karɓi maganar nan, na yi matashin kai da ita.

Mutum ɗaya bai tafa ba:
Eleuterio mai ɗinkin koma, can bencin ƙarshe,
hannuwa kan gwiwa kamar busassun kifi biyu.
Na tare shi a ƙofa. Ya ce,
"Luningning, in na bar ɓula a koma,
kifi ba ya tambayar niyyata.
Abin da za ki ji kunyar kai wa magajin gari,
don me za ki ajiye shi gaban bagade?"
Na kwana ina ba shi amsa a raina.
Gari ya waye ban ci gardamar ba.

Muka ɗauko sabon wasa:
matar masunci, da kwalekwalen da bai dawo ba.
Mako tara. Biyu suka gudu,
ɗaya ya ce ni ba Allah nake wa aiki ba, kaina nake wa.
Wataƙila da gaskiyarsa, rabi.
Jovelyn ta iya kuka yanzu,
tana birgima, tana yagar riga,
irin na talabijin, har da shessheƙa.
Na ce madalla.

Sai tsintsiya ta tsaya a tsakanin benci.
Perpetua mai shara, wadda ba ta taɓa ce mana uffan ba,
ta ce, "Ba haka ake yi ba.
Ran da suka zo gaya mini,
ƙanzon shinkafa nake kankarewa.
Ban ajiye cokalin ba.
Na kankare har na ga ƙarfe,
na ci gaba."
Ta koma shararta.
Washegari ta aiko da tukunyar.

Daren wasa wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba.
Aka aro fitilar kamun kifi aka rataya.
Masu kawo labari suka shigo, huluna a hannu.
Jovelyn ba ta ɗago ba.
Ƙar. Ƙar. Ƙar.
Cokali da gindin tukunya,
da ruwa na ɗiga daga ɓular kwano,
da mutum ɗari biyu da suka manta da tari.
Ban san tsawon lokacin ba.
Na san dai wani ƙato a layi na uku,
wanda rabonsa da coci tun jana'izar ƙanensa,
ya cusa fuska cikin rigarsa.

Ba wanda ya tafa.
Fasto ya miƙe zai yi magana, ya fasa,
ya ce mu yi addu'a,
ranar ko baiko an manta ba a karɓa ba.

Perpetua ta zo ta ɗauki tukunyarta,
ta duba cikinta, ta ce an karce mata gefe.

A ƙofa na tsaya jiran Eleuterio,
ni da girmana, kamar 'yar makaranta.
Ya daɗe yana neman takalminsa.
Ya ce, "Tsirkiya ta uku ta yaron nan
har yanzu ba ta zauna ba.
Ki turo shi gidana ran Talata,
ya zo da jitar."