Gawon Gidan Nomau

Daren Laraba hadari ya taso wa Tawa daga gabas,
bai yi sallama ba.
Da asuba na fito da buta a hannu,
na tarar gawon gidan Nomau ya rusuna
kamar mai neman gafara,
ya ɗora kafaɗa bisa katangata.

Tsagar ta kai masa ƙirji.
Na sa hannu, ya shige har gwiwa.
Saiwa biyu sun fito suna shan iska,
babban reshen kuwa ya tsaya cak
saman kwanon ɗakin da Hasiya da ƙannenta uku ke kwana.

Na kwashe tabarminsu zuwa zaure.
Ƙaramin ya ce, me muka yi?

Nomau yana Abijan, damina ta huɗu ke nan.
Na aika masa murya ta waya,
na aika hoton tsagar, na aika hoton ɗakin.
Alamar ta nuna ya gani.
Amsa tana can tana jiran mota.

Tsohuwarsa, Inna Kulu, ta saurare ni har ƙarshe
tana tsince wake a faifai.
Ta ce, uban Nomau ya tsince shi tsiro,
ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki,
ya shayar da shi ruwan alwalarsa.
Ba zan kai gatari inda ya kai ruwa ba.

Mai unguwa ya ce, itace na mai gida ne,
ɓarnarsa ma tasa ce,
sai dai ɓarna ba ta cin sunanta sai ta auku.
Na ce, ranka ya daɗe, in jira ke nan?
Ya duba carbinsa.

'Yan gandun daji suka ce gawo ba a taɓa shi sai da takarda,
wanda ya sara ba izini, tara na wuyansa,
kuma mai gidan ne zai sa hannu.
A meri aka ce in dawo Litinin.
Abarshi mai zarton inji ya zagaya shi sau biyu,
ya ce jika ashirin da biyar, ban da mai,
in reshe ya kuskure ya faɗa wayar lantarki
babu ruwansa.

Kowa ya wanke hannu.
Ni kaɗai ce a ƙarƙashi.

Gaskiya ɗaya ba zan ɓoye ba:
shekara goma sha ɗaya nake suyar ƙosai a inuwarsa.
Ran da rani ya ƙone komai, shi ke fitar da ganye.
Tumakina sun yi ƙiba da 'ya'yansa.
Ba wanda ya taɓa kawo mini lissafi.
Yau ni ce ke yawo ofis ofis
ina tambayar wa zai biya kwano,
wa zai biya katanga,
sauran tambayar bakina ya ƙi ɗaukarta.

Daren Asabar gabas ta sake haɗe rai.
Itacen yana kuka irin na tsohuwar ƙofa.
Sai ga Inna Kulu da tabarma a hammata,
ta wuce ni, ta nufi ɗakin yaran.
Ta ce, nawa ne. In zai faɗo, ya fara da ni.

Na kama zanenta.
Muka yi ta ja, ni da ita, cikin yayyafi,
har dariya ta ƙwace mana, har ta koma wani abu.
Ta kwana a zaure tsakanin Hasiya da ƙaramin.
Ni ban runtsa ba, ina ƙirga iska.

Litinin ta ɗaura sabon kallabi.
Ta ce, takardar nan, tana karɓar yatsa?
Na ce za mu tambaya.
Ta kunce bakin zane: jika tara da 'yan canji.
Na juye gwangwanin ƙosai: sha ɗaya.
Saura biyar, ban da mai.

Ta ce a bar mata kututturen,
daidai tsayin zama.