Irin Albasa

Ba ladan ke tashinmu ba a gidan nan,
sarƙar kekensa ce,
tana kukan rashin mai tun kafin assalatu,
sai tari biyu a bakin zaure,
sai warin albasa ya bi shi waje
kamar ɗan da ya ƙi a bar shi gida.

Altine aka sa masa, don ran Litinin ya zo,
ranar fita aiki,
bai kuwa taɓa ba sunan kunya ba.

Fadamar Kwalkwalawa ta san tafin ƙafarsa
fiye da yadda tabarma ta san bayansa.
Faso ya tsattsage masa dugadugai
har kakarmu Ige ke ɗinke su da zare da allura,
tana faɗa, yana dariya:
"Ɗinka da kyau, gobe akwai ban ruwa."

Shekarar da gulbin Rima ya cika ya batse,
ya shanye shinkafa, ya tafi da rudu goma sha ɗaya,
maza suka zauna bakin gaɓa suna salati.
Shi ma ya yi salatin,
sannan ya naɗe wando
ya shiga laka neman injin da bai gama biya ba.
Kwana uku. Ya fito da shi a kafaɗa,
ya warware shi a tsakar gida,
muna riƙe masa fitila, sauro na cin rabonsa.
Da injin ya yi tari, ya tofar da ruwa, ya tashi,
sai ya ce, "Wanga ya hi ni taurin kai."

Mu tara ne jikoki.
Ranar da ya kai kaya Kara
da hoce yake dawowa cikin aljihun taguwa.
Ya jera mu, ya ƙirga takwas da gangan,
ya yi ta neman na tara a ƙarƙashin turmi
har Luba ta fashe da kuka,
sannan ya ba ta biyu.

Yana da faɗa, kada in rufe.
Ka zubar da ruwa a banza, ka ji ta bakinsa har magariba.
Asibiti kuwa sai an ɗauke shi cak.
Bai taɓa ce wa kowa "ina ji da kai" ba,
sai dai ka farka ka tarar an like maka takalmi.

Sau uku yana tara kuɗin Makka.
Na farko ya tafi a aikin cikin Haliru,
na biyu ya zama kwano a kan ɗakin Ige,
na uku ni na cinye shi, rajista da littattafai.
Kullum motar jami'a ta hau gada
ina hango shi can ƙasa, a duƙe tsakanin kunyoyi,
ƙarami kamar wasali a kan baƙi.
Wata rana na ɗaga hannu. Bai gani ba.
Sauran ranakun, Allah ya yafe mini, ban ɗaga ba.

Ran Laraba ya tafi, bayan la'asar,
sai da ya kashe injin, ya naɗe tiyo.

Da aka yi bakwai muka buɗe gwangwaninsa.
Babu ko sisi.
Rasiɗan makaranta ne, na shekara ashirin da shida,
shi da bai san bokon da ke jikinsu ba,
ya ɗaure su da zare, kowane jika da ƙullinsa.
A ƙasa, tsumma ƙunshe da irin albasa,
baƙi, ƙanana, sun fi ƙarfin ƙirga.

Na yafa kaɗan a fasasshen bokiti bayan ɗakina.
Yau kwana tara.
Ya Allah, ka ba shi inuwa da ruwan da ba a ja da inji,
ka ce masa ya zauna haka nan,
in zai yarda.

Sun fara tsirowa, Baba.
Ban zubar da ruwan a banza ba.