Kwalabe Bakwai Marasa Suna

Ruwan Agusta ya sami kafa a rufin sito,
kwana uku yana lasar takardun kwalabe.
Ran Litinin muka buɗe ƙofa,
bakwai na tsaye a kan kanta, tsirara,
garau kamar ruwan da ke gangarowa daga Shere,
ba wadda ta tuna sunanta.

Mama Chundung ta zare makullai daga wuya.
Shekara talatin da ɗaya tana wanke gilasan ɗakin nan.
Ta ce, "Tanimu, janye hancinka.
Kama da wane ba ta wane.
A tambaye su ɗaya bayan ɗaya, da ladabi."

Ta farko na tsoma mata shuɗiyar takarda,
ta fito ja kamar bakin mai cin goro.
Na barbaɗa garin soda, ta hau tsaki tana kumfa.
Asid ce, ba ta iya ɓoye fushi.

Ta biyu muka ɗiga mata ruwan buromin
mai launin manja,
ta haɗiye launin ƙurmus, ko godiya babu.
"Ɗaurinta biyu ne," in ji Mama,
"ta kwance ɗaya ta cafke baƙo."

Ta uku a bakin cokali ta sadu da wuta,
hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin
irin na taya in mahauta na babbaka.
'Yar gidan zobe ce, haka danginsu ke ci.

Ta huɗu ta so a lallashe ta.
Muka zaunar da ita cikin ruwan ɗumi,
ba motsi, ba magana,
sai azurfa ta fara hawa bangon gilashi
har na hango idona guda a ciki
yana kallona, ya yi ja don rashin barci.

Ta biyar ta ƙi madubi,
amma aidin ya sa ta zubar da rawayan gari
mai warin asibiti.
Na tuna ɗakin da Baba ya kwanta bara,
na ce zan je in wanke hannu.

Ta shida muka haɗa ta da ta farko kan ɗumi,
ɗakin ya cika da ƙamshin ayaba
sai ka ce Taminus da hantsi.
Mama ta yi dariya har wushiryarta ta fito.

Ta bakwai fa?
Takarda ta shiga ta fito yadda take.
Soda ya kwanta. Buromin ya zauna da launinsa.
Azurfa ba ta hau ba.
La'asar ta yi, sanyi ya shigo ta taga,
na ɗauki biro na ce, "Mu sa mata wani abu mana,
wa zai bincika?"

Ta riƙe mini hannu.
"Na ga abin da saurin laƙaba suna
ya yi wa garin nan.
Rubuta: ba a sani ba tukuna.
Sa kwanan wata."

Na rubuta.
A keke zuwa Farin Gada ina duba yatsuna,
aidin ya rina biyu,
ita kuwa tana can cikin duhun kanta,
ita kaɗai ta san abin da take,
gobe da takwas mu koma mu sake gaishe ta.