Bangon Gabas

Ruwa ya ɗauke, na biyo ta Sabon Gari da la'asar,
na tsaya gaban benen Alhaji Barau
kamar mai dubiya a asibitin Shika.
Shago goma sha huɗu, sama da ƙasa,
ni na shafe su bara, ruwan ƙwai mai haske.
Yau bangon gabas ya yi bororo,
ya kumbura nan, ya fashe can.
Na sa farce, fenti ya biyo ni
kamar ɓawon dafaffen rogo.

Na faɗa masa. Allah shaida ne, yarona Tanimu ma yana wurin.
Na ɗora tafi a kan filasta, na ji sanyi har gwiwar hannu.
Na ce, Alhaji, bangon nan bai gama shan iska ba,
a ba shi mako uku.
Ya ce mai kemis ya biya shekara, tela ya kawo kekuna,
wa ya taɓa jiran bango?
Na ce to a sayi shafen farko, shi ke riƙe na sama.
Ya ce wanda ido ba ya gani, me zai biya a kai?
Na ce bokiti ashirin.
Ya ce goma sha biyu, ga rijiya nan a bayan gida.

Na ƙara ruwan.
Ba zan ɗora wa Alhaji duka ba.
Kuɗin haya na bina a Tudun Wada,
hannuna ne ya juya sandar,
na ga fenti ya tsinke kamar kokon marowaci,
na kau da kai, na hau tsani.

Ranar buɗewa har hoto aka ɗauka.
Wata bakwai bene yana ƙyalli, ana nuna shi daga titi.
Sai marka ta zo da tambayoyinta.
Hadarin garin nan daga gabas yake tasowa,
ba ya sallama, ba ya karɓar rasit.
Gishiri ya taso daga tushe, fari fat, kamu biyu.
Ƙarfen taga ya yi hawayen tsatsa har ƙasa.
Inda indararo ya tsage, gansakuka ta shimfiɗa tabarma.
Na'urar sanyi ta mai sayar da waya
tana ɗiga wuri ɗaya dare da rana,
ta ci fenti, ta ci filasta, tana neman bulo.
Bangon yamma kuwa, da rumfa ta rufa wa asiri,
yana nan garau, kai ka ce gwani ne ya yi shi.

Kakana magini ne a Kwarbai.
Katsi yake ɗebowa a marina, gashi a majema,
ya jiƙa dafara, ya kwaɓa laso,
ya bar shi ya kwana, ya sake kwana.
Makubarsa ta fi shi daɗewa a duniya.
Yakan ce bango numfashi yake,
in ka toshe masa hanci da jiƙaƙƙen ciki
zai yi maka amai a gaban mutane.
Ina yaro, na ɗauka zancen tsofaffi ne.

Ikenna mai kemis ya leƙo, ya gane ni.
Bai ce komai ba, ya gyara kwalin da ya jingina
don ya rufe tabon da ke bakin ƙofarsa.
Da zagi ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Jiya ɗan Alhaji ya kira, wai banki zai kama ƙasa,
a zo a maimaita kafin Juma'a,
a shafa a kai kawai, ba sai an kankare ba.
Na ɓare ɓawo ɗaya mai faɗin tafin hannu,
na naɗe a takarda, na sa a aljihu.
Da shi zan je ciniki.

Tanimu yana wanke buroshi a bakin kwata.
Bai ɗago ba ya ce, Oga, wannan karon ruwa nawa?
Na duba gabas. Wani hadarin yana haɗuwa ta kan Dakace.
Na ce, nemo mana abin kankara tukuna.