Takardar Mazo

Ran Talata aka tara mu a Epe,
a rumfar kwano, bayan masu ƙyafa kifi.
Hayaƙi na cin ido, ruwa na ƙwanƙwasa rufi
kamar mai bin bashi da ya gaji da sallama.

Takarda ashirin, in ji magatakarda,
mazo ashirin, daga yau har faɗuwar sabon ruwa.
Sha huɗu na masu ƙasa.
Shida a jefa a ƙwarya
domin mu, mu ɗari da goma sha ɗaya.
Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa,
lissafi ya ƙi jin kunyata.

Ni ne Korau ɗan Jatau maharbi.
Shekara sha tara ina gadin injin katako da dare.
Na san sawun mazo a laka kamar rubutun allona,
na san mashayarsa a gindin kwakwar manja,
na san haushinsa na asuba,
amma a duk Ikko ba ni da taƙin shimfiɗa buzu.

Cif Adebambo na da eka ɗari uku a cikin waya.
Lekki yake kwana. Ƙaya ba ta san tafin ƙafarsa ba.
Huɗu aka rubuta da sunansa.
Direba ya karɓa, ya linke, ya sa aljihu,
kafin la'asar sun koma hannun baƙi masu sabon takalmi,
kowace ɗaya a kan albashina na wata uku.

Na miƙe, bakina cike da wuta,
sai Iya Morenike ta riga ni.
Ta kwance ɗaurin kanta, ta zube a tebur:
karan rogo, guntu-guntu, an gwaguye har ɓargo.
Ta faɗa da Yarbanci, wani yaro ya juya mana:
"Wa ya yi kiwon naman da kuke rabo?
Gona ɗaya gare ni, rabinta na cikin tumbinsa.
Ku dare ɗaya kuke zuwa da bindiga,
ni shekara nake kwana ina kaɗa gwangwani."

Na koma na zauna.
Kayan da na ɗauko sun karkata gefe guda.
Ashe "masu ƙasa" buhu ne
da aka haɗa gero da tsakuwa aka ɗinke baki,
aka ce mana duk nauyinsu ɗaya.

Shi kuwa mazo bai karanta takardar fili ba.
Ya ci na Iya, ya kwana a wayar Cif,
ya sha ruwan da ba shi da ubangida.
To na wane ne? Na mai ciyarwa? Na mai shinge?
Ko namu, da ba mu da komai sai sanin hanya?

Yaro ya tura hannu a ƙwarya.
Sikiru. Nomau. Agbaje mai ido ɗaya.
Wasu uku da ban riƙe ba.
Shekara ta shida ke nan sunana na kwana a gindin ƙwarya.

A bakin ƙofa aka ja hannun rigata.
Iya ce, takarda a dunƙule a tafinta.
Ɗanta na tuƙa keke a Ikorodu, bindigar mijinta ta yi tsatsa.
Ta nuna cinyarta, ta nuna kanta: wannan nawa.
Ta buɗe hannu: saura naka. Alhamis.

Na karɓa, ba zan yi ƙarya ba, har da godiya.
Sai dai a hanya na wuce mutum ɗari da huɗu
suna tafe cikin ruwa, hula a hammata,
ba wanda tsohuwa ta ja wa riga.
Abin da na samu sa'a ce, na san sunanta.
Wancan ɗayan da muka zo nema,
har aka naɗe tabarmi bai shigo rumfar ba.