Ruwan da Ba Ya Zuwa Garwa

Hammajoda ya ce in koma tsakiya,
in daina damƙar gefen jirgi kamar mai tatsar saniya.
Sau uku ya ja igiya, inji ya yi tari, ya kama.
Dadin Kowa ta fara ja da baya:
rumfunan masu suyar karfasa,
wani yaro yana wa babur wanka a gaɓa,
sai hayaƙi,
sai ruwa.

Dubu biyar muka yi da shi, zuwa da dawowa.
Bai tambayi abin da na zo gani ba.

"Dusuma," ya ce wa yaronsa
mai kwashe ruwa da rabin galan. "Dusuma."
Kalmar ta same ni a ƙahon zuci.
Shekara sha ɗaya rabona da ita,
tun da aka rufe bakin da ke faɗa mini ita
in ina zuba shayi da gaggawa,
in ina taje mata furfura.

'Yar Garwa ce Inna Dudu.
A bayan motar auduga ta shigo Gombe,
da akwatin ƙarfe da keken ɗinki.
Da Fulatanci take sa albarka,
da Hausa take ciniki,
Faransanci kuwa ta ajiye shi don faɗa da ƙirgen kuɗi:
an, de, turwa,
ta lashi yatsa, ta sake daga farko.

Ita ta ba ni labarin bato,
jirgin da ke hawo Binuwai in damina ta tsaya da ƙafarta.
Sau ɗaya ta shige shi, tana da shekara tara,
ta zauna kan buhun gishiri
da burodi dogo kamar sandar makiyayi.
Ta ga mata na shanya zannuwa a kan yashi,
ta ga jandarma yana barci, hula a fuska,
ta ga giginyu suna raka su har suka gaji.
Kullum a nan labarin yake tsayawa.
Ban taɓa jin inda suka sauka ba.

Hammajoda ya kashe inji.
Ya nuna da haɓa, bai nuna da yatsa ba.
Kunnuwa huɗu ƙanana a kan ruwa,
sai huci, sai feshi:
dorina da 'yarta.
Muka bar iska ta tura mu cikin kainuwa.
Zalɓe na tsaye a kan busasshen reshe,
kan wata bishiya da dam ya haɗiye da sauranta.
"A ƙarƙashinmu akwai gonar kakan wani," in ji shi,
"har da turmi, in ba su ɗauka ba."

Shekara bakwai ya yi yana su a Lagdo,
can ya tsinci kalmomin, tare da ciwon baya.
Na ce, "In muka miƙe, ba tsayawa,
za mu kai Garwa?"

Ya yi dariya har yaron ya taya shi.
"Malama, ga bangon dam can.
Ko kin tsallake shi, Gongola gangara take yi.
Ruwan nan ba ya zuwa Garwa.
Na Garwa ne ke saukowa,
ya wuce Yola, su gamu a Numan,
daga nan ba mai cewa wannan na wane ne."

Na sa hannu a ruwa. Da ɗumi, kamar an bar shi a buta.

Da muka dawo la'asar ta yi sanyi,
balbelu na komawa gida a jere.
Na ƙirga masa kuɗinsa a tafin hannu,
an, de, turwa,
na tsaya. Iyakar abin da na gada ke nan.

"Katar," ya ce. "Senk."
Ya ninke su, ya sa a hula.