Allo da Kusu

Shekara talatin da ɗaya a ma'aikatar magajin gari
ina dukan tafireta har ƙararrawarta ta dushe.
Takardar haihuwa, takardar fili, takardar rasuwa,
duk ɗan da aka haifa a Bagalam a zamanina
sunansa ya bi ta ƙarƙashin yatsuna.

Yanzu na ajiye aiki, na kafa tebur a zaure,
da kwamfutar da Zalika ta aiko daga Yamai.
Ranar Talata jikana ya shayar da allonta shayi,
harafin a ya mutu nan take.
Ku gaya mini, wace Hausa ake rubutawa babu a?
Maradi ma kanta ta koma Mrdi,
kamar garin da aka zare wa haƙarƙari.

Na hau kabu-kabu sai babbar kasuwa,
shagon Harisu, bayan masu gyaran agogo.
Ya sauko da allo biyu, ya hure su, ya jera.

"Wannan ta Jibiya ya shigo, Inna, sabo fil a leda,
yana wuta ja da kore
kamar shagon aski daren salla."
Na rufe ido, na ɗora hannu, na buga sunana.
Ƙaramin yatsa ya tafi gidan a,
ya tarar q ya tare a ciki da iyalansa.
Na ce, "Ɗana, mai da shi.
Tsohuwar akuya ba ta sake hanyar rijiya."

Na biyun gwanjo ne, ta Kwatano ya biyo,
toka-toka, nauyi kamar murfin tukunyar ƙarfe.
Harafin e ya goge, sai santsi,
wata ta riga ni cin abinci a kansa,
ban san ƙasarta ba, na san dai ta yi aiki.
Na danna, ya amsa, ƙas, ƙas,
ba irin mai laushin nan da ke haɗiye magana ba.

Na ce, "To ina ƙ? Ina ɗ da ɓ da ƴ?"
Ya yi dariya: "Masu ƙera shi ba su san ƙugiya ba."
Na sani ai. Shekara talatin
ina rubuta wa mutane sun sayi kasa,
macijiya, a maimakon ƙasa,
sannan in bi da biro ina lanƙwasa wa kowace kai.
Ya ce akwai dabara a cikin na'urar,
in ya taso daga Juma'a zai biyo ya nuna mini.
Na ce ya zo, akwai kopto.

Saura kusu.
Ya miƙo wani ɗan mitsitsi, ba wutsiya,
wai sai a ba shi batir, ya yi ta yawo.
Kusun da ba wutsiya, in ya ɓace me zan kama?
Jikana zai mai da shi mota kafin la'asar.
Na zaɓi baƙi, mai igiya, mai ƙoƙon baya,
ya cika tafina kamar curin fura,
wuyan hannuna mai sanyi bai yi ƙorafi ba.

Jikka bakwai, in ji shi. Na ce huɗu.
Albarka. Na gyara mayafi kamar zan tafi.
Muka tsaya a biyar da rabi,
ya ƙara mini tsumman gogewa.

Na iso gida, na jona, sai aka ɗauke wuta.
Ban tashi ba.
Na zauna a duhun zaure, gilashin baƙi ƙirin,
na buga sunan uwata, Salamatu,
a uku, kowane ya amsa,
na sake bugawa.